Da rasit ɗina akanta ya kayar da ni

Duk mai gyaran kwamfuta a Zariya ya san rayuwar "zo ka duba mana". Ni wata makarantar kuɗi ce a Tudun Wada ta fi kirana: yau firinta ta ƙi, gobe intanet ya ɗauke, jibi ƙurar hunturu ta toshe fankar kwamfuta. In hau bas daga Samaru, in sha cunkoson Kwangila, in gyara, a sallame ni. Da na gaji sai na rubuta wa Hajiya mai makarantar cewa su ɗauke ni aiki na dindindin.

Na tattara rasit na duk abin da suka biya masu gyara a shekara, na jera shi kusa da albashin da nake nema. Akantan makarantar ya karɓa, bai ko ɗago kai ba. Ya ƙara kashi 10 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata, ya ƙara kashi 1 na NSITF, wato asusun biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ya sa albashin watannin dogon hutu da babu ɗalibi ko ɗaya, sannan ya ce, "Hajiya, ai kiransa ya fi mana araha." Abin haushin, lissafinsa daidai ne. Da wuƙata aka yanka ni, kuma har yau in na ga littafin rasit sai raina ya sosu.

Rasit kuɗin gyara kawai yake nunawa. Ba ya nuna safiyar farkon zango da kwamfutar karɓar kuɗi ta mutu, iyaye suka juya da kuɗin makaranta a aljihu, wasu sai bayan wata guda. Ba ya nuna malaman da suka zauna suna hira saboda ina Sabon Gari wajen wani kwastoma. Waɗannan na rubuta da na koma, kuma ban sa farashin kaina a shafin farko ba.

Abin da ya juya maganar ma tambaya ce. Na ce, "Ranki ya daɗe, lambar wayar wa ke kan imel ɗin makaranta?" Aka yi ta kallon-kallo. Ashe wani ɗan bautar ƙasa ne ya buɗe shi da lambarsa, ya gama hidima ya tafi garinsu. Sakamakon yara kuwa na shekara da shekaru yana cikin laftof ɗaya, babu kwafi ko'ina, alhali tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a. Na ƙara da cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, tun 14 ga Oktoba 2025, ɗakin kwamfutarsu kaf a kansa yake, kuma ba kowace tsohuwar kwamfuta ce ke ɗaukar Windows 11 ba. Wa zai zauna ya tantance su? Mai zuwa ya gyara ya tafi? A nan akanta ya ajiye biro.

An ɗauke ni gwajin zango ɗaya, albashin bai kai yadda na nema ba, amma an bar mini Asabar don kwastomomina. In za ka yi irin wannan, ka lissafa fanshon da sauran da kanka kafin wani ya lissafa maka a gaban mai gida, rasit kuma ka bar shi a jaka sai an tambaya. Sannan a rubuta iyakar aikinka a takardar ɗauka. Tawa an rubuta, duk da haka shekaranjiya akantan nan ya aiko yaro wai in zo in duba janareto.