Kuzar Jos: wa ya haƙa, wa ya ci?

Dabarar Turawan mulkin mallaka a Filato ba ta da wuyar ganewa. Doka ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, sai aka ba kamfanonin Ingila lasisi a kan gonakin Birom. Haraji kuma dole a biya shi da kuɗi, ba da hatsi ba. To, ina talaka zai samo sule? Sai ramin kuza.

Abin ya ƙazanta a 1942, da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, inda Ingila ke samun kuza mai yawa. Aka sa sarakuna tara mutane aikin tilas har 1944, sanyin Bukuru da yunwa suka kashe da yawa. Manajoji suna unguwar Rayfield, leburori suna bukkokin barikin kuza.