Shekara 2 Cif: Godiyata Ga Waɗanda Ba Su Sake Hannuna Ba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, yau shekara 2 cif rabona da giya, wata 19 kuma rabona da ƙwaya. Da gangan na raba lissafin gida biyu, domin a tsakani na taɓa faɗuwa, kuma ba na son in ɗora godiya a kan ƙarya. Na daɗe ina son rubuta wannan saƙo, kunya tana hana ni. Yau na ga bashi ne a kaina.

Abin ya faro ne daga karayar da na samu a cinya. Bayan tiyata aka rubuta mini tiramadol, ƙashi ya haɗe, ni kuwa na kasa ajiye maganin. Daga nan sai kodin, sai giya da dare wai don in samu barci. Shekara 6 ina cikin wannan hali, rantsuwar da na yi cewa na daina ba ta ƙirguwa.

Mai ɗakina, da ke zan fara. Ranar da na yanke wa kaina shawarar barin giya lokaci guda, ban gaya wa kowa ba. A dare na 2 kika same ni na jiƙe sharkaf da gumi, hannuna yana rawa har na kasa kai kofin ruwa baki, ina nuna miki wasu abubuwa da nake gani suna tafiya a bango. Na roƙe ki ki rufa mini asiri, kika ce asirin da za ki rufa shi ne ki kai ni asibiti da raina. A can muka ji abin da ba mu taɓa sani ba: wanda jikinsa ya saba da giya, in ya yanke ta kwatsam, yana iya kamuwa da jijjiga da ruɗewar hankali cikin kwana 2 zuwa 3, kuma hakan yana kisa. Kwana 7 na yi a kwance ana ba ni dayazifam ana rage shi a hankali, ana yi mini allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Kina kan kujerar nan ta gefen gado, ba ki taɓa ce mini "ai na gaya maka" ba. Allah ya saka miki da mafificin alheri.

Sista, ke da kika karɓi aiki washegari, ban manta da ke ba. Na haɗiye ƙwayar ƙarshe a hanyar zuwa asibiti, kuma tun da rana nake roƙonki maganin da Likita ya rubuta, bufurenofin. Kika ce sai an jira. Kina zuwa ki ƙirga bugun zuciyata, ki haska mini ido, ki duba ko tsigar jikina ta tashi. Hamma ta ƙi tsayawa, hanci yana zuba, ciki yana murɗawa, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya. Na faɗa miki maganganun da har yau in na tuna nake sunkuyar da kai. Kika ja kujera kika yi mini bayani: maganin yana zama ne a daidai gurbin da ƙwayar take kamawa a ƙwaƙwalwa, ya riƙe shi gam, amma ba ya kunna shi gaba ɗaya, shi ya sa ƙishi yake kwantawa ba tare da maye ba. In an sha shi ƙwayar tana nan a jiki, tunkuɗe ta zai yi, azabar ta auko wa mutum lokaci guda. Da yamma kika sa mini shi a ƙarƙashin harshe, kika ce kada in haɗiye, in bar shi ya narke. Kafin awa ɗaya ƙafafuna suka natsu. Na kwanta ina kallon silin, a karo na farko cikin shekaru ba na lissafin inda zan samo ta gobe.

Likita, ranka ya daɗe, kai ne ka zauna ka tsara yadda za a haɗa jinyar cuta biyu a jiki ɗaya. Ka ce naltirekzon yana taimaka wa masu barin giya, amma ni ba zai yiwu ba, domin zai toshe aikin bufurenofin ya jefa ni cikin wahala. Ka duba ƙodata, ka ɗora ni a kan akamfurosat, wani maganin taimaka wa masu barin giya, sau 3 a rana. Ba ka ɓoye mini komai ba, har taurin bayan gida da yawan gumin da zan yi fama da su saboda bufurenofin, kuma na yi. Ka kuma dage sai an ajiye nalokzon, maganin farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, a gida, an koya wa mutum biyu yadda ake amfani da shi. A lokacin na ji haushi, gani nake ba ka yarda da ni ba.

A wata na 4 wani ɗan'uwa, wanda na tabbata ƙauna ce ta sa shi magana, ya ce da ni: "Ai ƙwaya ka sauya da ƙwaya. In ka cika namiji ka zubar da ita." Maganar ta zauna mini a rai, domin dama ina jin nauyin a gan ni da magani kullum. Na daina sha a ɓoye. Mako 3 na daure, sannan na koma, na kuma sha adadin da na saba sha a da. Ban san jiki yana mance sabonsa ba, abin da yake ɗauka jiya yana iya tsayar da numfashinsa yau.

Yaya, kai ka same ni. Ka ce leɓuna sun yi baƙi, numfashina jefi-jefi kamar minshari, ka girgiza ni ban motsa ba. Ka tuna inda aka ajiye nalokzon, ka fesa mini a hanci, ka juya ni a gefe. Da na buɗe ido na ce na warware a bar ni, ka ƙi, domin an gaya maka ƙarfinsa yana iya ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90 alhali ƙwayar tana nan a jini. Ka ciccibe ni zuwa asibiti ina zaginka. Yaya, ban san da wane baki zan gode maka ba. Allah ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Na koma gaban Likita ina jiran faɗa. Tambaya ɗaya ya yi mini: me ya faru ranar da na ajiye maganin? Da na gaya masa, sai ya ce in zo da ɗan'uwan nawa. Ya yi mana bayanin cewa wannan hanya ta daɗe, tun shekarun 1960 likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka fara jinyar masu jarabar hiroyin da metadon a birnin New York, kuma a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa metadon da bufurenofin cikin jerin magunguna masu muhimmanci. Ya ce bincike ya nuna wanda yake kan ɗaya daga cikinsu, haɗarin mutuwarsa yana raguwa da kusan rabi. Ɗan'uwana ya yi shiru, daga baya ya nemi gafarata, na kuma yafe har zuciya. Amma ina roƙon duk mai ɗan'uwa a kan wannan magani: kada ka matsa masa ya ajiye. Ƙwaya ta raba ni da aiki da gaskiya da 'ya'yana. Wannan maganin da shi nake tashi da asuba cikin hankalina, in tafi aiki, in dawo in san sunan kowa a gidana. Ragewa ko dainawa magana ce tsakaninsa da likitansa, kuma wasu shekaru suke yi a kai.

Maganin ya kwantar da ƙishi, sauran aikin kuwa mutane ne suka taya ni. Malama mai ba da shawara, kin koya mini gane lokutan da raina yake raya mini komawa: in na yi fushi, in na kaɗaita, in barci ya ƙi zuwa. 'Yan'uwana na zaman mako-mako, ba zan ambaci sunan kowa ba kamar yadda muka yi alkawari, amma wanda ya ɗaga wayata ƙarfe 2 na dare ya san kansa. Mai ba da magani da yake miƙo mini nawa a nannaɗe ba tare da ɗaga murya ba, na lura, na kuma gode. Maigidana a wurin aiki, ka riƙe mini gurbina lokacin da kake da hujjar sallamata.

Umma, kin ce ba ki fahimci sunayen magungunan nan ba, amma kullum sai kin kira kin tambaya: "Ka sa na ƙarƙashin harshen?" Addu'arki ce take bina. Ki ci gaba da yafe mini hawayen da na sa ki zubar.

Har yanzu ina kan bufurenofin, yana cikin akwati mai makulli saboda yara, makullin yana hannun mai ɗakina. Akamfurosat kuwa an tsayar da shi bayan shekara 1. Ranar Alhamis ina da ganin Likita, za mu duba ko lokacin fara ragewa ya yi, in ya ce da saura zan ci gaba da sha. Yaya ya ce shi zai kai ni. Ku sa mu a addu'a.