Igiyar Guga da Jan Biro

Ƙaramin kamfanin ɗab'i gare ni, mu huɗu ne kacal, kuma ni ke karanta duk rubutun da aka kawo kafin a yanke shawarar bugawa. A 'yan shekarun nan ƙagaggun labarai masu jigon muhalli sun yawaita a teburina, daga na fari da ambaliya har zuwa na manomin da giwaye suka tattake masa gona, amma yawancinsu nakan mayar wa masu su domin su sake zama a kansu.

Matsalar kusan ɗaya ce. Labari yana son abokin gaba mai fuska. Lokacin da marubucin Amurka Ernest Hemingway ya fitar da labarin tsohon masuncinsa a 1952, ya ba shi ƙaton kifi guda da zai yi kwana uku yana ja-in-ja da shi, saboda haka mai karatu ya san inda zai zuba ido. Ɓarnar muhalli kuwa a hankali take tafiya, ba ta da fuska, kuma sau da yawa tauraron labarin yana cikin masu yin ta. Marubucin Najeriya Helon Habila ya gane haka, shi ya sa a littafinsa Oil on Water na 2010 ya sa 'yan jarida biyu neman wata Baturiya da aka sace, sai gurɓataccen ruwan Neja Delta ya riƙa bayyana a gefen jirginsu. Marubucin da bai sami irin wannan dabara ba yakan tsayar da labari ya hau wa'azi.

Wani matashi ya taɓa kawo mini rubutun ƙagaggen labari mai ɗauke da shafi uku cur na lacca a kan kwararowar hamada, wadda ya cusa a bakin wani malamin makaranta. Na bi ta da jan biro gaba ɗaya. Can cikin babi na bakwai kuma na tarar da wata tsohuwa da ke ƙulla wa igiyar gugarta ƙari duk shekara, har ƙulle-ƙullen suka fara cin tafin hannunta idan tana ja. Na ce masa a nan littafinsa yake. Ya ji haushi, ya yi wata biyu bai kira ni ba, sannan ya dawo da rubutun da ya buɗe da rijiyar.

Mun buga shi, a kan takardar da ita ma daga itace aka yi ta, abin da mai haɗa mana shafuka bai gaji da tsokanata a kai ba. Igiyar ce muka sa a bango.