Burtalin Mutane a Ƙasar Tumaki

Daga Mancesta na hau jirgin ƙasa zuwa Penrith, daga can bas ta sauke ni a Keswick, cikin yankin Cumbria da ke arewa maso yammacin Ingila. Watan Afrilu ne, lokacin haihuwar tumaki, ga wani yayyafi da ba ya ɗaukewa, ba ya kuma zama ruwan kirki. Abokina da ke karatu a ƙasar shi ya matsa sai na zo na ga duwatsu da tafkuna. Ni kuwa da na tashi a gidan kiwo, idona a kan dabbobi ya sauka.

Washegari muka nufi kwarin Borrowdale a ƙafa. Ba mu yi nisa ba sai hanya ta ƙare a jikin katangar dutse ta wata gona. Na ja na tsaya. Gogan naka ya taka wata 'yar matakalar katako da aka kafa a katangar, ya dira ciki kamar gonar gado.

"Kai malam, gonar mutane ce fa!"

"Taho kawai. Ka ga kibiyar nan mai ruwan ɗorawa? Hanyar kowa ce, mai gonar ma ba shi da ikon toshe ta."

Haka dokarsu take. Akwai hanyoyin ƙafa na tun kaka da kakanni da ke ratsa gonaki, kuma a shekarar 2000 aka yi wata doka da ta buɗe wa masu yawon shan iska tuddai da dajin kiwo. Da sharaɗi dai: a irin wannan fili, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, mai kare sai ya riƙe shi da igiyar da ba ta wuce mita biyu ba. Na yi dariya ni kaɗai. A wajenmu shanu ake yanka wa burtali a tsakiyar gonaki, nan kuwa mutane aka yanka wa burtali a tsakiyar makiyaya.

A bakin wata ƙofa muka ci karo da wani dattijo a kan babur mai ƙafa huɗu, karensa na zaune a baya. Tumakinsa irin na wurin ne da ake kira Herdwick. Ɗan yakan fito baƙi ƙirin, in ya girma jiki ya koma ruwan toka, fuska ta yi fari tas. Kowace tana da shafen fenti a gadon baya, da lamba a kunne. Na gaishe shi, na ce baba, yaya ba sa ɓacewa a kan dutsen da babu shinge? Ya ce kowace tunkiya ta san gefen dutsenta, a wurin uwarta ta koya, ita ma ta koya wa 'yarta. Shi ya sa in garke ya ƙare, kuɗi ba sa dawo da shi.

Daga nan zance ya gangara kan 2001, shekarar da ciwon baki da kofato, wanda Fulaninmu ke ce wa boru, ya afka musu. A watan Fabrairu aka fara ganin sa a jikin aladu a wata mayanka a Essex, aka bi sawu har wata gona a Northumberland inda ake ba aladu sauran abincin da mutane suka rage. Kafin hukuma ta farga tumaki sun riga sun ɗauke shi ta kasuwar Longtown, nan Cumbria, sun bazu da shi. Gwamnati ta ce duk gonar da ya ɓulla a kashe dabbobinta cikin awa 24, na maƙwabta cikin awa 48, ko da lafiyarsu lau. Har sojoji aka kawo. Gonaki sama da 2,000 suka kamu, dabbobi fiye da miliyan 6 aka hallaka. Dattijon ya ce cutar ba ta taka gonarsa ba, amma 'yan tumakinsa masu tasowa suna can filayen ƙasa inda ake kai su cin rani lokacin sanyi, can aka bindige su. Ya faɗi haka yana gyara igiyar ƙofa, bai ɗago ya dube ni ba.

Abin ya tsaya mini a rai, don a garkenmu boru baƙo ne da aka saba da shi: saniya ta yi ta dalalar da miyau, ta yi ɗingishi, nono ya ragu, bayan 'yan makonni yawanci ta miƙe. Su kuma kasuwar waje suke karewa, don ƙasar da ke da cutar ba a sayen namanta. A ganina an wuce gona da iri wajen kashe masu lafiya. Holan, da ita ma cutar ta shiga a shekarar, ta haɗa da allurar rigakafi don tare ta.

Sai kuma burtalin nan namu na masu yawo. Rufe shi aka yi, da tarar da ta kai fam 5,000 ga wanda ya ƙetare. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masaukai da gidajen abinci suka zama wayam, har asarar harkar yawon buɗe ido ta zarce ta manoman. Firayim Minista na lokacin, Tony Blair, ya ɗage zaɓe daga Mayu zuwa 7 ga Yuni, aka rushe tsohuwar ma'aikatar gona aka kafa sabuwa mai suna Defra. Aka haramta ba aladu sauran abinci. Yau in ka sayo tunkiya ko saniya ka kawo gona, kwana shida ba dabbar da za ta fita sai in mayanka za ta, kuma kowane motsi sai an rubuta. Dattijon ya yi tsaki kan yawan takardu, ya yi tsaki kan masu barin ƙofa a buɗe, amma matarsa tana da ɗakuna biyu da take ba 'yan yawon haya.

Ranar komawa na biya ta Great Orton, yamma da Carlisle. Tsohon filin jirgin sama ne inda aka binne gawar dabbobi kusan rabin miliyan a dogayen ramuka. Yanzu gandun shaƙatawa ne mai suna Watchtree, da bishiyoyi da tsuntsaye da wurin shan shayi. Wata yarinya ta wuce ni a keke tana ƙyalƙyala dariya, uwarta na bin ta da gudu.

Da daddare na zauna a banɗakin masauki da tsohon buroshin haƙori, ina kankare taɓo da kashin tumaki daga ƙasan takalmina, tsaga bayan tsaga. Mako mai zuwa takalmin nan cikin garken baffana zai shiga.