Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Neman Wanda Za Mu Kai Ƙara

A makon jiya na tsaya a inda likitoci suka tabbatar mana cewa ciwon maigidana mesotiliyoma ne, wato sankarar da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda kusan ko da yaushe ƙurar asbestos ce ke haddasa ta, wato wani ma'adini da a da ake sakawa a gine-gine domin tare zafi da wuta. Malam ya shaƙi wannan ƙura ne a shekarun 1970, lokacin da yake aikin gyaran bututun ɗumama gine-gine a Manchesta, tun kafin Birtaniya ta haramta shuɗin asbestos da mai ruwan ƙasa a 1985, sannan farin a 1999. Cutar takan kwanta a jiki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, idan kuwa ta bayyana ba ta jinkiri.

Tambayar farko da na yi wa lauyarmu ita ce yaushe za a gama shari'ar. Ta ce doka ta ba mu shekara 3 daga ranar da muka san cutar domin shigar da ƙara, kuma Babbar Kotu a Landan tana gaggauta shari'ar masu wannan ciwo muddin suna raye, har takan umarci wanda ake ƙara ya fara biyan fam 50,000 da zarar ya kasa nuna cewa yana da abin kare kansa. Idan komai ya tafi daidai, 'yan watanni sun isa. Idan kuwa mai ƙara ya rasu, iyalinsa za su ci gaba, amma gaggawar ta kau, ana iya shafe shekara biyu ko fiye.

Namu jinkirin ba daga kotu ya zo ba. Kamfanin da Malam ya fi daɗewa a cikinsa ya rushe tuntuni, don haka sai an gano kamfanin inshorar da ya tsaya masa a wancan zamani. Tun 1972 aka wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata wannan inshora, sai dai takardu da yawa sun salwanta. Muka nemi tarihin aikinsa daga hukumar haraji, muka jira, sannan lauya ta shiga laluben rumbun bayanan inshora, ni kuma ina bin tsoffin abokan aikinsa ta waya domin su ba da shaida. Akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya, wasu ma da irin wannan ciwo.

Da aka gano mai inshorar, sai ya ce ai Malam ya yi aiki a wani wuri mai ƙura, wa ya san inda ya kamu? Wannan hujja ta faɗi tun 2002, lokacin da Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli ta Birtaniya, ta yanke a wata shari'a da ake kira Fairchild cewa ya isa a nuna kamfani ya ƙara wa ma'aikaci haɗarin kamuwa. Sun san da haka sarai, kuma a ganina lokaci kawai suke ja, domin sun san halin da mara lafiya yake ciki.

Ganin numfashinsa yana ƙara nauyi, lauya ta nemi a ɗauki shaidarsa a gida bisa rantsuwa. A daren da ya gabaci ranar na ce masa, "Malam, anya za ka iya?" Ya ce, "Hajiya, in ban faɗa da bakina ba, wa zai faɗa?" Yadda zaman ya kasance da tayin da suka aiko bayansa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.