Ki ajiye tikitin nan tukuna, ki saurare ni

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗiyar yayata ta turo min hoton tikitinta a WhatsApp da murnarta, wai Anti kinga na siya. Wata uku da rabi, daga farkon Yuni har tsakiyar Satumba, Turkiyya da Maroko, wai in kuɗi ya rage ta leƙa Sifen. Yarinyar da ta ce min da bakinta bana za ta nemi makarantar likitanci a nan Amurka fa. Na kalli ranakun, na sake kalla, wallahi sai da na ajiye wayar na zauna, don kaina na gani a hoton nan. Da na kira ta sai ce min ta yi "haba Anti, ai zamaninku ne, yanzu komai a Zoom ake yi." Toh, shi ya sa na zauna rubutu, ita da ire-irenta su karanta.

Ni ma haka na yi. Na gama digirin farko a watan Mayu, na riga na rubuta MCAT, jarabawar neman shiga makarantar likitanci, maki ba laifi, sai na ce duniya ta yi daɗi, na kama jaka na nufi Malesiya ni da ƙawata, da niyyar in cike fom ɗin AMCAS, wato fom ɗin bai ɗaya da ake neman makarantun likitanci da shi, daga can tunda dai intanet ne. Abin da ban tsaya na fahimta ba, kuma an faɗa min fa, ba wai ba a faɗa ba, shi ne yawancin makarantun nan wanda ya riga shiga layi shi ake fara dubawa, ba jira suke kowa ya gama ba. Ana buɗe fom a farkon Mayu, a fara karɓa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, wajen ƙarshen Yuni kuma a fara tura wa makarantu na waɗanda aka gama tantancewa. Ni kuwa ranar rufewa na sa wa ido, na ga wasu Oktoba, wasu Nuwamba, na ce ai da sauran lokaci birjik.

Rubutun bayanin kai ɗin nan mai harafi 5,300 kawai, na kai sati huɗu ina jan sa, yau in rubuta layi uku gobe mu fita yawo. Ban tura ba sai tsakiyar Yuli. Na ɗauka shikenan na sauke nauyi. Ashe akwai wani kwas guda ɗaya tal da na taɓa yi a wata ƙaramar kwaleji lokacin hutun bazara, na manta da shi kwata-kwata, su kuma AMCAS ba sa sa fom ɗinka a layin tantancewa sai takardar sakamako ta kowace makarantar da ka taɓa zama ta iso. Fom ɗina na nan zaune ba mai taɓa shi, ni ina can ban sani ba. Imel ɗin ma da zan duba, ya ƙi buɗuwa don yana neman lambar sirri da ake turowa ta layina na Amurka, layin da na dakatar kafin in tafi don kar a dinga cire min kuɗi. Kwana goma sha ɗaya na yi kafin in samu shiga. Sannan ga kiran kwalejin, tsakaninmu da gabashin Amurka awa 12, sai ƙarfe tara na dare nake fara neman su, ga layi yana tsinkewa.

Amma fa ku bari in faɗi nawa ɓangaren, don mutane suna saurin cewa sakaci. Shekara huɗu na yi ban huta ba, ga karatu ga aikin dare ga jinyar mahaifiyata a shekarar ƙarshe, na kai matsayin da in na buɗe littafi hawaye ne ke zubo min. Tafiyar nan ita ta dawo min da hankalina, kuma har gobe in an ce in goge ta daga rayuwata ba zan yarda ba. Wanda bai taɓa gajiya irin wannan ba ba zai gane ba. Sai dai kuma, gaskiya ɗaya ce, wata guda kawai zan jinkirta tashi in gama komai a gida, da na samu duka biyun. Wata guda. Shi ne yake min ciwo, ba tafiyar ba. Ko da yake a lokacin ji nake in na ƙara kwana ɗaya a ɗakin nan zan haukace, toh ban sani ba, Allah dai ya sa haka shi ne mafi alheri.

Sai ƙarshen Agusta aka tantance ni, nan da nan fom na biyu na makarantu suka fara zubowa, kowace da nata tambayoyin da nata kuɗin, kusan ashirin a sati ɗaya. Ana so a mayar cikin kamar sati biyu, ni na ɗauki fiye da wata, wasu ma na kwafe amsar wannan na liƙa wa waccan. Kuma duk da haka, ku ji ƙarfin hali, na ƙara wa tafiyata wata biyu don na samu wani aikin sa kai da nake ganin zai ƙawata fom ɗina, fom ɗin da ya riga ya tafi.

Gayyatar intabiyu guda biyu ce ta zo min gaba ɗaya. Lokacin kafin korona ne, sai ka je da ƙafarka. Ɗaya ta ba ni ranaku a Oktoba, na duba kuɗin jirgi da tafiyar sama da awa ashirin, na rubuta musu cewa ina ƙasar waje a ba ni Janairu. Sun ba ni, da ladabi ma. Amma tun 15 ga Oktoba makarantu suke fara ba mutane gurbi, kafin in zauna a gabansu kujeru sun yi nisa. Jerin masu jira aka sa ni, na yi ta kallon waya har Yuli. Shekara ta tafi, kuɗi sun tafi, na sake cikewa da tambarin wadda ta taɓa nema, ana tambayata me ya canza. Na shiga a karo na biyu, alhamdulillahi, amma ƙawayena sun riga ni da aji guda kuma mahaifiyata ba ta ga ranar da na sa farar riga ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawara goma, yanzu na ga ba su kai ba. Kar ku tafi, shi ne kawai. Daga Mayu har ku gama fom na biyu ku zauna inda kuke, ba a fafe gora ranar tafiya. In yawo kuke so, akwai lokacinsa: bayan 30 ga Afrilu, ranar da mai gurbi fiye da ɗaya yake zaɓar makaranta guda, har zuwa fara karatu a Yuli ko Agusta, ku je duk inda kuka ga dama. Wanda ke jerin jira ma ban yarda ya kashe waya ba ko a lokacin.

Zancen Zoom kuwa, eh, tun 2020 da yawa sun koma ta intanet, amma ba duka ba, wasu sun dawo ido da ido. Kuma ke da za ki zauna a masauki mai gado shida, da wayfai ɗin da kowa ke ja, Istanbul ta fi New York da awa 7, ta fi Kalifoniya da awa 10, intabiyun ƙarfe biyu na rana a Kalifoniya ƙarfe goma sha biyun dare ne a wajenki, da wace fuskar? Ga jarabawar Casper ta gwada ɗabi'a da wasu makarantu ke nema, ita ma da ranarta da kyamararta. Yaran yanzu kun iya tsara hoton da za ku ɗauka a kowane gari tun kafin ku tashi, amma a ce ku buɗe shafin makaranta ku karanta ranakunta sai ku ce ya yi tsawo. Abin nan yana ƙona min rai wallahi.

Toh, in kuma kin gaji irin gajiyar da na yi, ki tafi, ba zan hana ki ba, mutum ba ƙarfe ba ne. Amma sati biyu, bayan an tantance fom, da tikitin da ake iya canzawa, layinki a kunne, ki bar wani a gida da zai iya shiga imel ɗinki. In gayyata ta zo ki ɗauki rana mafi kusa, ko da bashi za ki ci ki dawo. Kar ki roƙi a ɗaga miki. Ko dai, in babu yadda za ki yi, ki rubuta musu a ranar ki faɗi gaskiya, ya fi shiru.

Ita dai na ce mata ta tambayi kamfanin jirgin nawa ne kuɗin mayar da tikitin zuwa ƙarshen Yuli kuma a rage kwanakin tafiyar, ni zan biya. Ta karanta saƙon tun jiya da safe, har yanzu ba amsa. Anjima bayan isha'i zan kira Yaya.