Sakan huɗu na kukan ƙofa, sati uku ina saƙa

Jiya muka rufe zangon karatu, kuma yanzu haka da nake rubutun nan akwai wani ɗan ƙyalle a kan teburina, bai wuce girman hankici ba, baƙi da fari, duk wanda ya shigo sai ya ɗauka ya jujjuya ya ce wai wannan zanen mene ne, duwatsu ne ko harshen wuta? Ni kuwa sai in ce masa ƙofa ce. Ba hoton ƙofa ba fa, kukan da ƙofar sitidiyonmu take yi in an tura ta, shi na saƙa. Sai a tsaya ana kallona kamar wadda ta fara zarewa, to bari dai in faɗi yadda aka yi.

Ni ɗalibar dizain ce, abin da na sani shi ne ido, launi da layi da yadda za a jera rubutu a shafi, kunne kam ban taɓa ɗaukarsa kayan aiki ba. Da muka shiga ajin sauti, aikin farko da malam ya ba mu shi ne kowa ya kawo minti ɗaya na sauti, ban da kiɗa ban da magana. Na ce wannan ai sauƙi. Na ari rikoda na sa hedifon na zauna a ɗakina wanda na rantse shiru ne, kai, ashe ƙarya nake yi wa kaina shekara da shekaru, firji na gurnani, cajar laftof na wani siririn fito, rigata ma in na motsa sai ta yi kamar ana share tsakar gida, ga kuma wani zuuu a ƙasa-ƙasa wanda daga baya na gane na wutar lantarki ne, don wutar tana kai da komo sau 50 a sakan, a Amurka sau 60, kuma waya in ba ta da kariya mai kyau sai ta kwaso shi ta zuba miki a kunne. Ƙwaƙwalwa ce take tace mana duk wannan ba mu sani ba, makirfo kuwa ba ruwansa, abin da ya ji shi zai kawo.

A ajin ne na fara jin sunan Pierre Schaeffer, wanda a 1948 a gidan rediyon Faransa ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa ya yayyanka ya maimaita ya haɗa ya ce ga kiɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yake so a saurari sauti ba tare da an tambayi me ya yi shi ba. Gwada ki gani, da wuya wallahi, kina jin ƙiii ƙwaƙwalwarki ta riga ta ce ƙofa, ta rufe zancen. Sai da na maimaita kukan ƙofar nan ya fi sau talatin kafin ta daina zama ƙofa, na fara jin yadda take farawa a ƙasa da kauri, ta hau, ta ɗan karye a tsakiya kamar muryar yaro mai balaga, sannan ta faɗo ta ƙare da kif ɗin marufi. Da na buɗe ta a Audacity, manhajar gyaran sauti, na juya ta zuwa hoton sauti, wato wanda lokaci ke tafiya a kwance, tsinin murya yana hawa a tsaye, ƙarfi kuma ya zama haske, sai ga layuka a jere kan juna suna lanƙwasa tare. Ina gani na ce wannan ai ƙyalle ne.

Saƙa kuwa ban jima da koya ba, wata ƙawata ce a aji ta koya mini lokacin da muke jiran a gyara firinta, ta miƙo mini kibiya biyu da ulu ta ce riƙe nan ki daina damun mutane da surutu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne duk saƙar kibiya, komai ƙawarta, ƙulli iri biyu ne kawai a ƙasanta (ƙulli nake ce masa ko da yake ba ƙulli ba ne na gaske, zare ne ya ratsa ta cikin ɗan'uwansa, shi ya sa in kin ja bakin zaren duk ya warware). Ɗaya yana fitowa sumul kamar harafin V, ɗayan kamar ɗan ƙurji a kwance, kuma a gaskiya abu ɗaya ne, bayan wannan shi ne fuskar wancan. Ga wadda take fama da kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, da daddare, ai sifili da ɗaya ne ƙiri-ƙiri. Takardar umarnin saƙa ma haka take, za ta ce yi biyu na gaba, biyu na baya, maimaita daga tauraro har ƙarshen layi, in ya rage uku ki yi kaza. Maimaici ke nan da sharaɗi, abin da na yi wata biyu ina kuka a kansa a p5.js, kayan aikin zane da kod, ashe masu saƙa suna karanta shi suna hira suna kallon talabijin.

Ba ni na gano wannan dangantakar ba, kar in yi wa kaina kirari. A 1804 Joseph Marie Jacquard a birnin Liyon ya fito da na'urar da ke karanta kati mai huji tana ɗaga zaren da ya kamata a kan masaƙa, huji ko babu huji. Charles Babbage a Ingila ya ari dabarar katin don injin lissafinsa, Ada Lovelace kuma a bayanan da ta rubuta a 1843 ta kwatanta injin da masaƙar Jacquard ɗin, wai yana saƙa lissafi kamar yadda ita take saƙa furanni da ganye. Har kwamfutar kumbon Apollo da ya kai mutane wata a 1969, mata ne a masana'anta suka zura mata umarninta da hannu, waya ta bi ta cikin ɗan zobe ɗaya ke nan, ta kewaye shi sifili ke nan. Sai dai a lura, waccan saƙar masaƙa ce mai zaren tsaye da na kwance, tawa ta kibiya ce mai zare ɗaya da ke bin kansa, mu duk saƙa muke cewa amma hannu ya san ba ɗaya ba ne.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Sautin da na naɗa, kwamfuta tana auna shi sau 44,100 a kowane sakan, sakan huɗu ke nan awo 176,400, kowane awo kuma lamba ce mai iya ɗaukar matakai sama da dubu sittin da biyar. Ni kuma abin da hannuna zai iya kafin ranar miƙa aiki ƙulli 60 ne a layi, layi 80, jimla 4,800, kowanne ko baƙi ko fari, shi ke nan. Wato kusan komai sai na zubar. Na yi kwana biyu ina jin kamar ha'inci nake shirin yi, don me zai rage na ƙofar? Daga baya na fahimci ai duk aikin nan ne yake, kod ɗin kansa bai kai layi hamsin ba, amma yanke shawarar me za a bari me za a zubar shi ya cinye ni. Na ce kowane layin saƙa ya ɗauki kashi ɗaya cikin ashirin na sakan, kowane ƙulli kuma ya wakilci wani yanki na tsinin murya, in ƙarfin wurin ya wuce wani mizani ya zama baƙi, in bai kai ba fari.

Gwajin farko shirme ne. Na raba sautin daidai wa daida daga ƙasa har kaɗawa 20,000 a sakan, iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji, sai duk ƙofar ta cunkushe a ƙulli shida na gefe, sauran hamsin da huɗu fari fat. Ashe kunne ba da ƙari yake ji ba, da ninki yake ji, tazarar 220 zuwa 440 a kunne daidai take da ta 440 zuwa 880. Da na gyara rabon ya bi ninki sai hoton ya buɗe kamar an ware tabarma. Mizanin baƙi da fari kuwa na yi ta ja ina saki har tsakar dare, in na sauke shi kaɗan sai gurnanin fanka ya shigo ya cika ko'ina da ɗige-ɗige, in na ɗaga sai karyewar nan ta tsakiya da nake so ta ɓace. Babu lissafin da zai faɗa miki wanne ne daidai. Na zaɓi wanda ya bar karyewar, na haƙura da ɗan datti a gefe.

Sannan ulu ya fara koya mini hankali. Fiksel, wato ɗigon hoto a sikirin, murabba'i ne, ƙulli kuwa ya fi faɗi a kan tsawo, a hannuna santimita goma tana cin ƙulli 22 a kwance amma layi 28 a tsaye, don haka da'irar da na saƙa ta gwaji sai ta fito a baje kamar an zauna a kanta. Na koma na gyara kod. Sai kuma zaren da ba a amfani da shi a wuri, wanda yake bi ta baya yana jiran lokacinsa, in ya tsallake ƙulli fiye da biyar ko shida sai ya yi lilo yana kama yatsa, in kin ja shi da ƙarfi ƙyallen ya tattare. Kwamfuta ba ta san da wannan ba, za ta ba ki fari ashirin a jere hankalinta kwance. Dole na sa ta riƙa yi mini alama a inda zan maƙale zaren. Mafi ban haushi dai, saƙa zuwa take da dawowa, layi ɗaya daga dama, na gaba daga hagu, kod ɗina kuwa kullum daga hagu yake karanto mini, ga shi kwamfuta daga sifili take fara ƙirga ni daga ɗaya. Sai da na kai layi na 23 na ga zanen yana zigzag kamar haƙoran zarto. Na zauna na kalle shi, na kalli agogo, na zare kibiya na warware, kwana huɗu suka koma ƙwallon ulu mai lanƙwashe-lanƙwashe cikin minti biyu. A kod in kin yi kuskure maɓalli biyu ne ki koma baya, nan kuwa a wuyan hannu ake biya, kuma tun daga ranar ban sake rubuta maimaici ba tare da na bi shi da fensir a takarda ba.

Wani a aji ya ce me ya sa ba zan yi da keken saƙa ba. Yana da gaskiya, akwai tsofaffin kekunan Brother na shekarun 1980 irin su KH-910 da KH-930, masu allura 200, kuma akwai wani shiri na kyauta mai suna AYAB da ake cire ƙwaƙwalwar keken a sa Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, sai ki tura hoto daga laftof keken ya zaɓi allurai da kansa. Ina so in gwada, ba zan ɓoye ba. Amma layi ɗaya yana cina kamar minti biyar da hannu, wato ina zama minti biyar cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba a kunne, kuma a wannan zaman ne na san ƙofar nan, na san a layi na 41 muryarta take rabewa biyu, na san kif ɗin ƙarshe layi uku ne baƙi ƙirin daga gefe zuwa gefe. Keke da ya gama kafin in lura.

Na ɗan taɓa wani gwajin ma a gefe, na haɗa ulu da zare mai ƙarfe a ciki na saƙa ɗan zirin da in an ja shi yadda yake barin wuta ta wuce yana canzawa, Arduino yana karanta shi daga 0 zuwa 1023, lambar kuma tana ɗaga murya ko sauke ta. Yana aiki, sai dai rawa yake kamar mai jin sanyi, sai da na sa ana ɗaukar matsakaicin karatu goma na ƙarshe kafin ya natsu, kuma in hannu ya yi gumi sai ya canza hali. Wannan sai zango mai zuwa.

Daren da washegari za mu nuna aiki sai na ce bari in juya abin, na shimfiɗa ƙyallen na ɗauke shi hoto da waya, na sa kod ya karanta baƙi da fari ya mayar da su sauti, kowane ƙulli baƙi ya kunna muryarsa na ɗan lokacinsa. Na sa hedifon na danna. Ba ƙofa ba ce, kamar wani ne yake fito a ƙarƙashin ruwa, amma hawan yana nan, karyewar tana nan, kif ɗin ma ya zo a kan lokacinsa. Sai kuma wani ɗan ƙit da na ji kusa da ƙarshe wanda babu shi a asali. Na maimaita, yana nan. Na ɗauko ƙyallen na bi layi-layi da yatsa, a layi na 67 na same shi, ƙulli biyu baƙi a inda ya kamata su zama fari, na ma tuna daren, wayata ce ta yi ƙara na ɗaga kai. Ƙawata ta ce kawo allura in rufe miki shi da farin zare ba wanda zai gane. Na ce ta bari, da shi na kunna musu da safe.